Zabin Furera

Furera maƙwabciyata ce a Baudeta. Tun da mijinta ya rasu, da kiwon zabi take ciyar da 'ya'yanta. Duk da haka, shekara goma sha tara, kowace ƙaramar salla sai ta ɗaure zabi biyu mafiya ƙiba, ta ba direban motar kasuwa ya kai wa ƙanenta Muddassir, ma'aikaci a Tasawa. Bai taɓa aiko mata ko sabulu ba. Ko ya kira ya ce sun iso, ba ya yi.

Bana hatsi ya yi tsada, ta sayar da zabin kaf ta sayi dawa. Da salla ta matso, ta ƙulle gyaɗa tiya guda ta aika, tana jin kunya kamar ta yi sata.

Ranar salla da hantsi wayarta ta yi ƙara. Da ta ji muryar Muddassir, murna ta kama ta.

Ya ce, "Yaya, direban nan ɓarawo ne. Gyaɗa kawai ya kawo."

Ta ce, "Ba laifinsa ba ne. Zabin ne babu."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu baɗi," ya kashe wayar. Bai tambayi abin da yaran suka ci ba.