Shaidarmu Mai Ƙafa Huɗu

Na ƙare ƙuruciyata da rabin tsufana ina koyarwa a sakandare, ina gyara wa 'ya'yan mutane jimla da jan biro. Na ɗauka da wannan za a tuna da ni a unguwarmu Bolori ta Maiduguri. Yau in baƙo ya tambayi gidana, sai a ce masa ya bi layin nan ya nemi gidan malamin nan mai yawo da kare.

Da na yi ritaya mai ɗakina ta fara sayar da abinci. Ban ce na ji daɗi ba, amma fansho yana zuwa ne irin zuwan baƙon da ba ya faɗin rana, tukunya kuwa ba ta san a jira ba. Hajiya tana dafa burabusko da miyar yakuwa, wata rana dafa-duka, a zuba a robar tekawe, ma'aikatan ofis su kira a waya, mai keke napep ya kai musu. Ƙaninta mahauci ne, shi ke kawo mata nama kullum da safe, saboda haka hannunta a sake yake. Wanda ya buɗe robar Hajiya ba ya haƙa shinkafa yana neman tsoka. Tana nan a sama tana kallonsa. Da wannan ta yi suna, kuma wannan ɗin ne ya so ya kayar da ita.

Karyar ta zo mana ne bayan ambaliyar da ta ci rabin gari. Ja ce mai farin ƙirji, ta ɗan manyanta, a wuyanta akwai shatin abin ɗauri, alamar ta taɓa zama ta wani. Ko daga unguwar Fezzan ruwa ya koro ta, ko daga wajen Tsohuwar Maiduguri, ba mu sani ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta kwanta a ƙofar baya inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Hajiya ta jefa mata ƙashi, washegari ta ƙara da ƙanzo.

Na ce, "Hajiya, wannan fa?"

Ta ce, "Baƙuwa ce, Malam."

"Baƙuwa a gidan da ake sayar da abinci?"

"A waje take. Mutanen da ruwa ya kora ma a tsohuwar makarantarku aka sauke su, ban ji ka ce a kore su ba."

Ni mutum ne mai ɗan karatu. Na san abin da malaman mazhabarmu suka faɗa a kan kare mai rai, wanda ya fi abin da ake faɗa a bakin titi sauƙi nesa ba kusa ba. Na san ladar shayar da dabba mai ƙishirwa. Sai dai ilimin nan a kan kanta yake zaune tare da littattafai, ba ya raka ni waje. A waje, in karyar ta biyo ni hanyar masallaci tana kaɗa wutsiya, ƙara sauri nake yi ina kallon gabas, kamar ban taɓa ganin halitta irinta ba.

Ana cikin haka wani baƙin kare, ba tamu ba, ya ciji 'yar maƙwabcinmu a sha-raɓa tana dawowa daga Islamiyya. Yarinya ce ƙarama. Iyayenta suka yi ta zaga asibitoci suna neman allurar ciwon haukan kare, har Allah ya sa aka samu, ta warke. Ba na raina tsoron da ya shiga unguwa a lokacin, don ni ma na ji shi. Samari suka fito da sanduna da duwatsu. Kafin mako ya zagayo, haushin kare ya ɗauke a layukanmu. Na ga an wuce da gawarwakin a baro, an rufa musu buhu, kuma ban ji wanda ya tambayi inda za a kai su ba. Hajiya kuwa ta ja karyarta ta kulle a rumfar gawayi.

Tambayar da ba a yi a lokacinta ba ita ce ta dawo daga baya ta sauka a ƙofarmu. Wata rana da hantsi Hajiya ta miƙo mini wayarta. Saƙon murya ne da ke yawo a zauren matan unguwa. Muryar mace ce, a natse, irin ta mai ba da shawara don Allah. Ta ce ita dai ba ta kama sunan kowa ba, amma mutane su yi wa kansu tambaya: karnukan nan da aka kashe ina suka tafi? Wane gida ne ake ɓoye kare a cikinsa? Kuma a tsadar nan da ake ciki, wace mai abinci ce ke cika roba da nama haka?

A matsayina na tsohon mai duba jarrabawa, dole in yarda an tsara saƙon. Tambaya uku, ba amsa ko ɗaya, kuma kowa ya ci.

Wayar Hajiya ta yi shiru. Tukunyar da ake kwashewa kafin azahar ta kai la'asar a cike. Ta zuba a kwanuka ta aika maƙwabta, kamar yadda aka saba in abinci ya yi saura. Kwanukan suka dawo a rufe, da saƙon an gode, an riga an ci. Na ga matar da ta binne iyayenta biyu ba ta yi kuka a gaban mutane ba ta tsaya tana kallon murfin kwano. Ba cinikin ne ya fi ci mata rai ba. Shekara da shekaru ita ake kira dafa abincin suna da na biki a layin nan.

Da yamma na je majalisarmu a gindin dogonyaro, don rashin zuwa ma magana ce. Akwai wani abokina, tsohon mai fataucin busasshen kifi, wanda bakinsa ba ya hutu.

Ya tare ni da gaisuwar Barebari, ya ce, "Wushe, Malam, wushe. Ka yi ƙiba kwanan nan."

Na ce, "Hutu ne."

"Allah ya ƙara. Amma in ka ji kana son bin mota da gudu, ka faɗa mana da wuri mu ɗaure ka."

Aka yi dariya, ni ma na yi, irin dariyar da ke barin ciwon muƙamuƙi. Na dawo gida na yanke hukunci tun a hanya. Na tarar da Hajiya tana tsinkar yakuwar da ba a san wanda zai ci ba.

Na ce, "Gobe a kai ta bayan gari a sake ta. Magana ta ƙare."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To. Jibi kuma in aka ce ina take?"

"Sai a ce an kore ta."

"Wa ya gani? Yau cewa ake ina ɓoye kare. Ranar da ta ɓata, cewa za a yi an gama da ita, ta shiga roba. Matuƙar ina son sunana, karyar nan ba ta da izinin ɓata. A gan ta da rai, yau, gobe, kullum."

Na tambaya wa zai riƙa nuna ta. 'Ya'yanmu maza suna wasu garuruwa. Hajiya ta dube ni tun daga hula har takalmi.

Na fara zuwa wurin bulama, mai unguwarmu, don kada samari su tare ni da sanduna. Ya saurare ni yana shafa gemu, ya ce sharaɗinsa a yi mata allurar rigakafi, kada a ƙara ganin ta a sake, kuma ranar da haƙorinta ya taɓa ɗan wani, kada in zo masa da Larabci ko Turanci. Na ce na yarda. Gaskiya ce ya faɗa.

Igiya kuma na saya a shagon wani Ibo mai kayan gini a bakin titi, wanda ya fi yawancin samarinmu daɗewa a garin nan. Ya riga ya ji labari, kowa ya ji. Ya auno igiyar, ya nuna mini ƙullin da ba ya shaƙe wuya in dabba ta ja.

Ya ce, "Baba Malam, kada ka damu, ana sabawa. Ni tun ina saurayi in na gasa nama ranar Kirsimeti ake leƙowa ana tambaya na mene ne."

Ya faɗa yana murmushi. Ni kuwa na san majalisar da ake irin wannan barkwancin, na san kuma wanda ke zama a kujera ta biyu daga gindin bishiya, wato ni. Na tsaya ina karanta rubutun gwangwanayen fenti har ya gama naɗe igiyar.

Washegari na sa babbar riga da hular zanna, a tunanina mutunci zai rufe abin. Ashe ƙara masa haske ya yi. Mutum cikin tsumma yana jan kare ba labari ba ne. Dattijo cikin shadda mai sitaci yana jan kare, har mai shayi sai da ya bar tukunyarsa ya fito. Masu keke napep suna rage gudu, su duba ƙasa, su ƙara wuta. Ɗaya ya tsaya, ashe tsohon ɗalibina ne. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce zai kai ni ko'ina kyauta, amma ita sai dai ta biyo mu a ƙasa. Na ce ya je, Allah ya yi albarka. Muka taka har asibitin dabbobi, rana tana dukanmu, yara suna biye da mu daga nesa. Karyar tana tafe a gefena kai a sama, ba ta ja ba, ba ta yi haushi ba. Duk wanda ya dube mu ya san wanda ya saba fita cikin mutane a tsakaninmu.

Aka yi mata allura, aka ɗaura mata jan abin wuya. Tun daga ranar, kullum in rana ta ɗaga muna zagaya unguwa. Hajiya ce ta zana hanyar: ta gaban majalisa, ta gaban shagon Ibo, sannan ta ƙofar wani gida mai koren ƙyaure, saboda ta riga ta gane muryar da ke cikin saƙon tun jin farko. A nan aka umarce ni in riƙa rage sauri.

Wayar ta fara ƙara a hankali. Wasu ofisoshin ba su sake kira ba har yau. Amma kwanukan maƙwabta sun koma dawowa a wanke. Abokina mai kifi ne ya fara zuwa da kansa, ya tsaya a ƙofa ya ce a fito masa da ita tukuna. Ya zagaya ta, ya duƙa ya leƙa, ya ce, "Ƙafafu sun cika, wutsiya tana nan. Hajiya, a zuba mini, a sa tsoka babba."

Abin da ya fi yawon nan nauyi a yanzu shi ne yabo. An fara cewa Malam mai tausayin dabbobi ne. Wata Juma'a liman ya yi magana a kan jinƙai ga abin da ba ya iya kai ƙara, na ji mutum biyu a sahu sun waiwayo suna gyaɗa mini kai. Na sunkuyar da nawa. Ni na san wanda ya ce a kai ta bayan gari. Karyar ba ta sani ba, ko ta sani ta yafe, don da ta ji motsin takalmina take miƙewa tana kaɗa wutsiya kamar an yi mata albishir.

Ta fara furfura a baki. Kwanakin baya ta kwana biyu ba ta ci ba, na kai ta asibiti da saurin da ban taɓa kai kaina ba, kuma a hanya na kasa tantance ko don ita nake sauri ko don robar Hajiya. Ta warware. Duk da haka na biya ta wurin bulama na roƙe shi alfarma, cewa ranar da karyar ta cika, ya turo dattawa biyu su gani da idonsu, su tsaya har a mayar da ƙasa. Ya ce zai zo da kansa.

Da na gaya wa Hajiya, sai ta ce a ƙara da matar gida mai koren ƙyaure, ta miƙo mini igiya.