Haruffan Gwangwani na Babana

Babana mai rubutun mota ne. Ya fi shekara talatin a rumfarsa a Zongon Kwatano, yana rubuta wa direbobin hanyar Legas abin da suke so a jikin manyan motocinsu. Bai yi boko ko na rana ɗaya ba. Direba zai kawo masa takarda, shi kuma ya dubi siffar kowane harafi, ya zaƙulo irinsa cikin waɗanda ya huda a jikin gwangwanin mai, ya ɗora ya shafa fenti. Yawanci da Ingilishi suke so, tunda a can Najeriya za a karanta.

A cikin aikin ya lura cewa gwangwanayen da ya jera wa wata kalma, su ne dai za su ba da wata in an sauya musu wuri. Sai ya riƙa zura irin waɗannan a waya guda yana ratayewa a bango. 'Yan ɗaki ɗaya yake ce musu.

Da rubutun leda na inji ya shigo gari, ga kuma yanar ido ta fara rufe masa gani, aiki ya tsaya. A lokacin na gama lise, wato sakandare, ina aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Akpakpa. Ni ce 'yar bokon gidan, kuma kaina ya ɗauki abin fiye da kima. Wata Lahadi ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, na tsufa ina rubuta maganar da ban san me take cewa ba. Direbobi ban taɓa tambayarsu ba, gudun raini. Kafin idon nan ya ƙarasa, ki faɗa mini ma'anarsu."

Abin da ban gaya masa ba shi ne, makarantarmu ta Faransanci ce, Ingilishina na cin tuwo ne kawai. Na ce to.

Muka fara, duk Lahadi bayan azahar. Yakan sauko da waya ɗaya, ya jera gwangwanayen a tabarma yana lalube. Ya jera DANGER, wanda ya sha rubutawa a bayan tankokin mai, na ce haɗari. Ya juya su suka koma GARDEN, na ce lambu. Ya ce ai gaskiya ne, lambu ba ya rasa maciji. Ran da BREAD da BEARD suka fito burodi da gemu kuwa, ya kama gemunsa yana dariya har da tari, ya ce shi ya sa ɓurɓushi ba ya barinsa. Shi dai a wurinsa, in haruffa ɗaya ne to dole akwai dangantaka, kuma sai ya nemo ta.

Wata rana ya jera HORSE, na ce doki. Ya sauya su suka zama SHORE, wanda ya taɓa rubuta wa wata 'yar Gana mai gidan abinci a unguwar Fidjrossè. Ban san kalmar ba. Yana kallona da idon nan mai fari-fari, yana jira. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ji bakina ya ce, "Goɗiya ce, Baba." Ya tafa hannu, ya ce ka ji mutane masu hikima, doki da matarsa a ɗaki ɗaya. Akwai ƙamus a biro ɗinmu, amma ban ko buɗe shi ba. Da na ga ta wuce lafiya, na ƙara masa irinta har sau uku a makonnin da suka biyo. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi da hannuna.

Daga bakin Inna, mahaifiyata, na ji abin da ya faru. Baba ya kai labarin doki da goɗiya majalisarsu ta ƙofar masallaci, gaban fataken shanu da tsofaffin direbobi, yana cewa 'yarsa ce ta koya masa. Wani direba da ya girma a Legas ya yi ta dariya, ya ce, "Malam, wa ya shirga maka wannan? Bakin teku ake nufi." Aka kwashe da dariya. Inna ta ce abin da Baba ya amsa kawai shi ne, "Ni na ruɗe, tsufa ne. Yarinyar daidai ta faɗa."

Wannan kariyar da ya yi mini ta fi mari zafi. Na sayi ƙamus nawa na kaina, ranar Lahadi na zo da shi. Na tarar bango wayam, ya sauke wayoyin duka ya zuba a buhu.

"Baba, na zo mu ci gaba."

"Bari kawai, uwata. Kin sha aiki duk mako, ki huta."

Na durƙusa na faɗa masa gaskiya, har da sauran ukun da babu wanda ya kama ni a kansu. Ina kuka ina roƙon gafara. Ya dafa kaina, ya ce ya yafe duniya da lahira. Sannan a hankali ya ce, "Da kin ce ba ki sani ba, ai da mun zama mu biyu, mu nema tare."

A daminar shekarar idon ya rufe gaba ɗaya. Waya goma sha ɗaya suka rage da ba mu taɓa ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙamus, na haddace, ina jiran ranar da zai ce in zo. Na sha ɗauko zancen, sai ya kawar da shi da tambayar lafiyar mutanen biro. Ya ƙara shekara biyu a duniya, kullum yana sa mini albarka. Amma in yana son sanin ko ƙarfe nawa ne, ina zaune a gefensa da agogo a hannu, Inna yake ƙwala wa kira daga madafa.