Turmin da Baba Ke Kira Maigadi

Ƙarfe tara da minti goma sha bakwai na safiyar wata Laraba jak ɗin da na ɗaga motar da shi ya fara sauka, ni kuma ina kwance a ƙarƙashinta. Na san lokacin daidai saboda wayata tana ajiye kusa da kunnena, ina lissafin minti goma sha biyar ɗin da Baba ke ba wa baƙin mai ya gama tsiyayewa. Ni ba mai yawan magana ba ce, waɗanda muka yi makaranta tare za su shaida, kuma ban taɓa ba da labarin nan a cikin mutane ba. Amma wallahi, Allah ɗaya, abin da zan faɗa ya faru da ni shekaru kaɗan da suka wuce, a ƙauyenmu da ke tsakanin Dawakin Tofa da Bagwai, ina aji biyu a kwalejin ilimi.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane.

Mahaifina yana da wata tsohuwar akori-kura mai shan gas, fara ce a da, kafin rana da ƙura su mayar da ita kalar kunu. Da ita yake kwaso tumatir da albasa daga wajen masu noman rani na Bagwai, da damina ya yi jigilar taki, da kaka kuma hatsi zuwa Dawanau. Da ita muka ci, da ita na yi karatu. To motar gas ba ta raina abinci: baƙin man da take sha a juye ɗaya ya kusa ninka na ƙaramar mota, ga filtar mai, ga filtar gas, ga ta iska, ga ladan bakanike. Tun ina ƙarama Baba ya ga idan ya ci gaba da kai ta gareji, gareji zai yi wa noma, sai ya koyi yi mata sabis da kansa a gindin darbejiyar bayan gidanmu.

Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Tun ina firamare nake zama kusa da shi, ina miƙa sifana, daga baya ina karanta masa littafin motar da ya tsinta a cikin akwatin gaba, shi yana dariya yana cewa Bature bai san hanyar Bagwai ba. A wajensa na koyi shafa ɗan mai a robar sabuwar filta kafin a ɗaura, da ɗaure ta da hannu ba da ƙarfe ba, da buga famfon gas har iska ta fita, in ba haka ba injin ba zai tashi ba ko za a kwana ana ba shi wuta.

Amma babbar dokarsa ita ce turmi. Wani turmin kirya ne da Inna, mahaifiyata, ta zo da shi cikin kayan aurenta. Da ya tsage sai Baba ya karɓe, ya sa aka rage masa tsawo, ya naɗe shi da waya zagaye uku. Motar tamu sai an cire tayar gaba ake kai hannu ga filta, don haka duk ranar sabis sai an ɗaga ta. Yana ɗagawa zai kife turmin nan a ƙarƙashin babban ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, sannan ya shiga. Maigadi yake kiransa. A kansa nake zama ina karatu har lokacin ya yi.

"Tashi, Uwata, Maigadi zai kama aiki."

"Baba, ai jak ɗin sabo ne."

"Jak ɗagawa ya iya, riƙewa ba aikinsa ba ne. Ko ni kika gani zan shiga babu Maigadi, ki ja ƙafata."

Baba ya rasu cikin watan Agusta, ciwon kwana biyu, ina makaranta ina jarrabawa. Ranar ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, motar da na hau ta maƙale a hanya, kafin in iso an kai shi. Ban ga fuskarsa ba. Wannan abu har yau yana nan a ƙirjina kamar dutse, kuma ina jin shi ne ya sa na manne wa motar nan fiye da hankali, don ita kaɗai ce ta rage da warinsa: gas, albasa da sabulun salo.

Ƙaninsa, Baffa Idi, shi ya ci gaba da tuƙa ta. Mutumin kirki ne, amma bai san komai a cikin injin ba, kuma lokacin ne gas ya yi tashin gwauron zabo. Sau ɗaya ya kai ta gareji ya dawo yana salati. Bayan sadakar arba'in ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna, tana cikin takaba, ya ce shi dai a ganinsa a sayar, motar nan tana cin fiye da abin da take kawowa.

Ni da ba na iya haɗa ido da shi, sai na ji bakina ya ce, "Baffa, ni zan riƙa yi mata sabis. Mai da filta kawai za a saya."

Ya juyo ya dube ni. "Ke? Malama, wannan fa ba alli da allo ba ne. Mace a ƙarƙashin mota, garin nan su samu abin yi da mu?"

"A bayan gida ne, ba wanda zai gani. Na iya, wallahi. Baba ya koya mini."

Idonsa ya kawo ruwa da na ambaci Baba. Ya ce to, ranar Alhamis yana da lodi zuwa Dawanau. Idan ya zo ya tarar an yi mata juye ta tashi lafiya, ya janye maganarsa. In ba haka ba, akwai mai saye a Bichi.

Na sayo komai, na jera a kan buhu yadda Baba ke yi. Abu ɗaya na rasa: Maigadi. Kwana uku ina nema. Na duba bayan rumbu, turken awaki, ɗakin shirgi, har gidan maƙwabta. Na tambayi Inna. Ku sani tsakanina da ita akwai kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, magana ma sai ta kama. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke ki bari, zan duba." Washegari na sake tambaya, ta ce, "Ai na ce zan duba."

Laraba ta zo, gobe Alhamis. Maza duk sun tafi yankan gero, unguwa tsit, sai kukan kurciya. Na yi tunanin sa bulo, na tuna Baba ya ce bulo marmashewa yake yi ba sallama. Sai na ce wa kaina, minti ashirin ne kawai, jak ɗin bai taɓa ba mu kunya ba. Ni da ake yi wa tsiya a makaranta saboda sai na duba amsa sau uku. Ko tayar da na cire ban tura ƙarƙashi ba, na jingine ta a jikin darbejiya don kada ta yi datti. An kuma yi ruwan ƙarshe kwana biyu kafin nan, ƙasa ta bushe a sama, ciki da laushi.

Na yi bisimilla na shiga da baya. Na kwance notin da ke toshe man injin, baƙin mai ya fara zuba cikin rabin jarka, na duba waya, na jawo abin giris ina bin gaɓoɓin kamar yadda yake yi kafin man ya gama. Sai na ji wani ɗan sauti, kamar mutum ya taka jiƙaƙƙen yashi. Na juya kai. Gindin jak ɗin yana nutsewa gefe ɗaya, yana karkacewa a hankali, ina kallonsa. Innalillahi! Jikina ya ƙi motsi. Na ga lambobin wayar, tara da sha bakwai, na ce ashe wannan ne lokacina.

Jak ɗin ya fice, motar ta taho.

Sai ta tsaya. Ƙarfen ya taɓa rigata, ina jin sanyinsa a ƙirjina, amma bai danne ba. Abin da na ji shi ne kukan itace, ƙiiit, irin kukan da na sani tun ina yarinya. Na juya dama. Jama'a, wallahi tallahi, turmin nan ne, a kife, tsakaninsa da fuskata bai fi taƙi ɗaya ba. Ga wayar zagaye uku, ga tsagar, ga inda na taɓa zana fure da ƙusa Baba ya yi mini faɗa. Ban ga kowa ba, ban ji muryar kowa ba, ba zan ƙara abin da bai faru ba. Abu biyu kawai na lura da su, don ni mai lura ce ko a cikin tashin hankali: yana warin hayaƙi, ba warin baƙin mai ba, kuma da kuncina ya goge shi ina ja da baya, da zafi, kamar murhun da aka sauke wa tukunya.

Na ja jiki, jarkar ta kife mini a kai, ban ma ji ba. Kaina na fita, motar ta ƙarasa faɗuwa, tim, har ganyen darbejiya ya zubo. Na durƙusa na leƙa. Babu turmi. Ƙarfen yana kwance a ƙasa, inda nake ko kaza ba za ta wuce ba.

Ƙarar ce ta fito da Inna, ba mayafi, ita da ba ta leƙa ko zaure ba tun rasuwar. Ta same ni baƙi ƙirin da mai, ina nuna ƙarƙashin mota ina cewa, "Maigadi, Inna, Maigadi ne ya tare, yanzu yana nan." Ta dube ni, ta dubi motar, sai ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska.

Da yamma Baffa ya tara mutane aka ɗaga motar. A ƙasa, daidai inda na nuna, akwai shatin da'ira, bakin turmi sak, ya nutse kamar rabin yatsa. Baffa ya ce wataƙila tsohon shati ne na Baba. Na ce an yi ruwa sau nawa tun Agusta? Ya ce, "Malama, tsoro yana nuna wa mutum abubuwa. Ki gode wa Allah kawai." Limaminmu da aka gaya wa ya ce rundunonin Ubangiji ba wanda ya san su sai Shi, wanda ya mutu kuma ya tafi ke nan, a yi masa addu'a. Na yarda da wannan, har gobe. Amma tambayata ba ta wuce ɗaya ba: ina turmin yake? In wani ya ɗauka, wa? Na bi gida-gida, ni da ko sallama nauyi take yi mini. Ba wanda ya gan shi tun rasuwar Baba. Inna kuwa da na buɗe baki sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Maganar motar ta ƙare a ranar. Inna ta aika wa Baffa cewa a sayar, ta rasa miji, ba za ta ba wa ƙarfe 'ya ba. Na yi kuka, na roƙa, na ce laifina ne ba na motar ba, kuma gaskiya ce. Ba a saurare ni ba, kuma ban ga laifinsu ba. Da hannuna na ɓarar da abin da na so in riƙe. Sabuwar filtar da na saya ban ɗaura ba, tana cikin akwatin littattafaina har yanzu a kwalinta.

Shi ya sa nake roƙonku, ku masu yi wa motocinku sabis a gida don gudun tsadar gareji, ban ce ku daina ba, akwai rufin asiri a ciki. Amma kada ku shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, ko na minti ɗaya ne. Ku sa gungume mai ƙarfi, ku tura tayar da kuka cire, ku duba ƙasar. In kun rasa abin tarewa ku haƙura, lodi ya wuce. Ni an tare mini sau ɗaya, ban san wa ba, ban kuma ce za a tare wa kowa ba.

Mai sayen ya zo bayan Inna ta fita takaba. Da hantsi ne. Injin ya ƙi tashi, iska ta shiga gas, suna ta ba shi wuta, sai na fito na buga musu famfon, ta tashi. Na tsaya ina kallonta tana bin hanya tsakanin karan dawa har ƙurar ta kwanta. Da na juyo, Inna tana tsaye a gindin darbejiya, daidai wurin. Na ce a raina wannan ce tambayar ƙarshe.

"Inna, don girman Allah, ina turmin?"

Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, karo na farko tun da ta haife ni. Ta kamo hannuna.

"Ranar da mahaifinki ya cika, ruwa ya jiƙa duk itacen gidan nan, babu busasshe ko ɗaya sai shi. Ni na ɗauki gatari na faskara shi da hannuna. Na kasa gaya miki ne, na san yadda kike ji da shi. Da shi aka ɗumama ruwan da aka yi masa wanka, 'yar nan. Tokarsa ma ni na kwashe."