Kawu Yasin da Watan da Bai Gani Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga Sha'aban, ina ofishin jaridarmu a Georgetown, babban birnin ƙasarmu, aka bugo mini waya cewa Allah ya yi wa Kawu Yasin Bacchus rasuwa a gidansa da ke tsibirin Wakenaam, bayan gajeriyar jinya. Kafin kwalekwalen da na shiga ya tsallaka kogin Essequibo, har an kai shi makwancinsa.

Kawu, manomin shinkafa ne kai, kamar kowa a tsibirinmu. Amma masu sayen iri a hannunka, Musulmi da Hindu, ba sa kwance buhu su duba. In irin ya sha ruwa, kai ne za ka fara faɗa, ko mai saye bai tambaya ba.

Saboda wannan halin aka damƙa maka duban wata. Duk ashirin da tara ga Ramadan, da magariba, kana tsaye a bakin kogi. In ka ce ka gani, liman ya sanar, mata su ɗora sawain, taliyarmu ta madara da ba a salla sai da ita. Ba a taɓa neman ka rantse ba.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce wadda tilon 'yarka, Zorina, ta zo daga Toronto da jikokin da ba ka taɓa ɗauka ba. Jirginsu na sama zai tashi washegari da yamma. In wata ya tsaya, ku yi Idi tare kafin su tsallaka. In bai tsaya ba, su tafi da azumi a baki. Hadari ya rufe gaɓar teku duka, babu labari daga ko'ina, sai wata 'yar kafa da ta buɗe a saman kogi. Jama'a suka zuba maka ido.

Sadik mai kwalekwale, abokin wasanka, ya ce, "Yasin, ga shi can saman kwakwar nan. Kai da ke hango kaska a jikin saniyar maƙwabci, yau kuma makanta?"

Ka ce, "In ka gani ka shaida, Sadik, in bi ka."

Ya sosa ƙeya. "Ni dai ƙamshin sawain na ji."

Aka yi dariya, ban da Zorina. Ta riƙe hannunka ta ce, "Baba, ƙara dubawa mana. Sau ɗaya."

Ka duba har kafar ta rufe. Sannan ka juya ga liman ka ce, "Na ga wani abu siriri. Amma raina na so ya zama wata, shi ya sa ban amince da idona ba. Ban gani ba."

Muka cika talatin. Ka raka Zorina da jikokinka bakin ruwa da azuminka, ka tsaya har kwalekwalen ya ɓace. Ranar Idi na gan ka a sahun gaba da sabuwar hular da ta kawo maka, babu ƙaramin hannu ko ɗaya a cikin naka.

Aikina ya koya mini yadda gaskiya ke lanƙwashewa ba tare da an yi ƙarya tsagwaronta ba. Da ka ce ka gani, babu mai musa maka, wataƙila ma watan ne. Na taɓa tambayarka ko ka yi nadama. Ka ce, "Kuka dai na yi. Amma azumin mutanen gari ne a bakina, ba nawa kaɗai ba."

Zorina ba ta sake samun zuwa salla ba. Jiya ta gaya mini a waya cewa ta daɗe tana fushi da kai, sai da nata 'ya'yan suka girma ta gane irin uban da Allah ya ba ta. Ta riga ta yanki tikitin zuwa sallar bana. Ba ta faɗa maka ba, tana so ka buɗe ƙofa kawai ka gan ta.

Allah ya jiƙanka, Kawu Yasin, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya tashe ka cikin masu gaskiya da riƙon amana. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, uwarmu Bibi Halimun, da Sadik, da jama'ar masallacin Wakenaam. Ke kuma Zorina, Allah ya ba ki haƙuri, ya haɗa ki da mahaifinki a gidan da babu rabuwa. Amin.