Mangwaron Malam Ragowa

A layinmu ba wanda ke kiran tsohon malamin lissafin nan da sunan yanka, Malam Ragowa muke ce masa. Shekara talatin yana cin ƙurar alli, ya yi ritaya, amma lamba ba ta sake shi ba. Mota ta wuce, sai ka ga leɓensa na motsi, yana raba lambarta. Ka ba shi lambar wayarka, kafin ya adana sai ya gaya maka ko tana rabuwa da uku. Matarsa ta ce ranar aurensu ma kujerun baƙi ya tsaya ƙirgawa.

Mun daɗe muna yi masa dariya, har ranar da ƙanen matarsa, mai aikin dashe, ya shigo wujiga-wujiga da igiyar awo a kafaɗa. Wani mai gona ya ba shi dashen mangwaro dubu bakwai da ɗari tara da sha tara, ya ce ya jera su layi-layi daidai, kada a yar da ko ɗaya, in ba haka ba gobe ya ba wani aikin. Kwana biyu yana kafa turaku yana tugewa.

"Yaya, kowane layi na gwada sai an samu ragowa."

"To ga mai sunan nan a zaune," in ji matar.

Malam ya jawo bayan tsohuwar kalanda, ya lashi bakin fensir. Ƙarshen lambar tara ne, biyu da biyar sun fita. Ya tara lambobinta, ashirin da shida, uku ma ta fita. Ya gwada bakwai, sha ɗaya, sha uku, yana tafiya har tamanin da uku, shayinsa ya huce.

"Ƙanena, ba laifin igiyarka ba ne. Wannan lamba gwauruwa ce, ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ko shekara za ka yi, haka za ta bar ka."

Mai dashe ya zauna daɓas a kan bokiti.

"Amma an hana ka ragewa ne, ba a hana ka ƙarawa ba. Ƙara ɗaya: layi tamanin da takwas, kowanne casa'in."

"A ina zan samu ɗayan yanzu?"

Malam ya dubi gwangwanin fenti da ke bakin rariya, inda ƙwallon mangwaronsa ya tsiro, wanda yake shayarwa da buta wata biyar. Ya ɗauka ya miƙa masa.

"Wanda ko kaza ba ka bari ta kusanta?" in ji matar.

Aikin dai bai kuɓuce ba. Duk lokacin mangwaro, kwando na zuwa daga gonar, daga bishiyar Malam ta ƙarshen layi, har mu maƙwabta muna lasa muna sa albarka. Sai dai fa ba mai taɓawa sai Malam ya ƙirga ya ga ko za su rabu daidai. In an samu ragowa, nasa ne.