Yaren da Ya Shiga Wayar Talaka

Ni ɗan kasuwa ne, wayoyin hannu nake sayarwa a Konni, sababbi da tsofaffi. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma babbar ɗiyata ta yi, har ta karanto aikin na'ura. Da ta dawo gida aka samar mata aikin buro, wato ofis, a Malbaza. Ta roƙe ni in bar ta zuwa ƙarshen damina: tana son ta saka dara cikin waya, irin wadda tsofaffi ke bugawa a ƙasa da kara da tsakuwa. In mutane ba su karɓa ba, za ta tafi buro ba gardama. Na yarda.

Wata hantsi ta zo shago ta zauna bisa benci, fuska a yamutse.

"Baba, na rasa yaren da zan rubuta wasan da shi."

"Wane irin yare kuma? Ke da Hausarki? Masu dara faransanci suke ji?"

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce ba na mutane ba, yaren da ake ba na'ura umarni da shi take nufi, kuma suna da yawa. Uku ta ware. Ɗaya sunan macijiyar nan mesa gare shi, yana da sauƙin koyo, amma kai shi cikin waya wahala ne. Na biyu shi manyan kamfanoni ke aiki da shi, ga ƙarfi ga gudu, sai dai kafin ta ƙware damina ta wuce. Na uku shi ne na shafukan intanet, kusan kowace waya tana jin sa.

Ni na manyan na so. Wa zai so ɗiyarsa ta ɗauki ƙarami? Sai na tuna yadda ƴan kabu-kabu ke sayen babur. Ba sa tambayar wanda ya fi gudu, wanda kayan gyaransa ke cikin gari suke nema.

"In kin maƙale, wanne ne za ki samu mai fid da ke?"

"Na uku, Baba. Abokan karatuna duk shi suke taɓawa."

Ba ta yanke nan take ba. Ta miƙa hannu cikin gilashi, ta wuce wayoyi masu tsada, ta ɗauko wata tsohuwa mai tsagaggiyar fuska, irin wadda manoman Illela ke saye bayan girbi. Ta ce wanda wannan wayar ta ɗauka, shi ne yarenta. Ta gwada, na uku ne ya buɗe ba tare da wayar ta sandare ba.

Gero na fid da kai ta kawo mini wasan. Na riƙa miƙa wayar ga duk wanda ya tsaya ciniki. Wasu su latsa su ajiye. Ni kaina na fara tunanin Malbaza.

Sai ran nan wani direban motar siminti, tsohon abokin cinikina, ya zo canjin batir. Ya zauna da wasan har na gama da mutum biyu. Can ya daka tsawa:

"Alhaji, wannan abu ɓarawo ne! Ya jera huɗu ya ci ni. A ina aka taɓa ci da huɗu? Uku ake jerawa a dara!"

Ɗiyar tana gefe. Ta matso ta durƙusa.

"Kawu, nuna mini inda ya yi."

Ya nuna mata yana faɗa, tana gyaɗa kai. Da zai tafi ya ce in ta gyara a saka masa a tasa, yana da wanda zai kunyata a tasha.

Na daɗe a kasuwa. Wanda ya yaba kaya ya wuce ba ya dawowa. Mai tsayawa ya yi masifa shi ne mai saye. Da yamma na ce wa mahaifiyarta a aika Malbaza su ba wani kujerar.