Rijiyar Gado

A ƙauyenmu, kusa da Ɗan Gulbi, akwai wata tsohuwar rijiya da aka rufe da ƙaya. Ko akuya ba ta kiwo a gefenta. Kakata Hajo ce ta faɗa mana dalili, wani dare bayan girbi, muna zagaye da wutar kara. Tsohuwa ce mai tsokana, amma ran nan ba ta yi wa kowa dariya ba.

"Wagga ba ta gizo ba ce," in ji ta. "Kakata ta gani da idonta, tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba."

Ta ce akwai wa da ƙane, Gado da Nomau, masu haƙa rijiya da yashe ta. Gidansu sun gaji wasu kalmomi da ake karantawa a bakin rami kafin a sauka. Tsohon Buzanci ne, wanda ko Buzayen lokacin ba su cika ganewa ba. Gado ya iya su fiye da kowa. In ya fara, sai tsigar jikin mutane ta tashi. Amma duk da karatun, rijiya mai zurfi takan riƙe mutum lokaci-lokaci, sai a ce iskoki masu ƙasa ne suka karɓi rabonsu.

Abin ya dami Nomau. Wani rani ya tafi wajen Tagriss, can ƙasar Buzaye, ya yi ta tambaya har ya samu wani tsoho da ya warware masa kalmomin. Ya dawo ya tarar ana shirin yashe rijiyar garin, an ɗaura wa Gado igiya.

Nan Kaka ta rage murya. "Sai ya ce, 'Yaya, dakata. Abin da muke karantawa ga shi da Hausa: kar ka riga wuta sauka. In ta mutu a ƙasa, kai ma mutuwa za ka yi.'"

Jama'a suka fashe da dariya. Wannan ce maganar kakanni? Kamar zancen kasuwa! Gado ya ji kunya, ya ji haushi. Ya ce ƙanensa ya tuɓe wa kalmomin riga, shi kuwa ba zai canja ko harafi ba. Ya karanta su da muryar nan tasa mai daɗi, aka zura shi. Suna jin karatun yana nisa, yana nisa, sai igiya ta yi sako-sako. Aka jawo ta, ta fito babu Gado. Nomau ya ɗaura kasko da wuta ya zura. Kafin ta kai rabi ta mutu, ba iska, ba komai.

"Ba a hiddo shi ba," in ji Kaka. "Amma in ka sa kunne bakin ƙayar nan, kana jin shi. Har yanzu karatu yake, bai ɓata ko ɗaya ba."

Na tambaye ta ko Nomau ya watsar da tsofaffin kalmomin. Ta ce a'a, in bai karanta su ba, ba ya iya sauka. Sai dai in ya gama, yakan maimaita da Hausa da ƙarfi, sannan ya zura wuta. Ya mutu da furfura a kan shimfiɗarsa.

Na girma, na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Maradi. Maƙwabcina Bitrus, Kirista ne daga Najeriya, wata rana ya shigo da littafinsu mai tsarki guda biyu, duka da Ingilishi. Ɗaya na mahaifinsa ne, tsohuwar fassara mai nauyin harshe. Ya karanta mini kaɗan, ban gane komai ba, amma na ji kwarjininsa. Ɗayan sabuwar fassara ce, wadda ya ce ba ta da gishiri. Ɗiyarsa za ta tafi karatu nesa, tana iya rera tsohon da ka, amma ba ta san ma'anarsa ba.

"Malam, wanne zan sa mata a jaka?"

Ni ba addinina ba ne, na so in kame bakina. Amma sai na ji muryar nan tana nisa cikin rami, tausayin Gado ya kama ni kamar ɗan'uwana ne.

Na ce, "Ka ci gaba da karanta mata na mahaifinka in ta zo gida. Amma can inda za ta sauka ita kaɗai, ba ta wanda za ta gane."